Hurricane irin wanda ya bi ta Kano: wane kwali zan saya, wane fenti zan shafa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na ɗan taɓa haɗa ƙananan motocin roba, amma jirgi ban taɓa ba. Yanzu raina ya biya da Hawker Hurricane, jirgin yaƙin Birtaniya, kuma so nake in yi shi da kamannin waɗanda suka riƙa sauka a Kano lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wane kamfani ya fi? Sikeli nawa? Ku sani buroshi kawai gare ni, ba ni da bindigar feshi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka zaɓi jirgi mai kyau da fara koyo, domin jikinsa ba shi da lanƙwashe-lanƙwashe masu wahala. Faɗin fukafukan na gasken ƙafa 40 ne, wato mita 12 da 'yan kai. A sikelin 1/72 zai fito maka wajen santimita 17, a 1/48 kuma wajen 25. Tunda da buroshi za ka yi, ni 1/72 zan ce. Filin da za ka shafa kaɗan ne, sawun buroshi ba ya samun inda zai nuna kansa. Ka nemi na Arma Hobby, kamfanin Foland. Suna da Mk.I, suna da Mk.IIc mai rubutun Trop, wato na ƙasashen zafi, a jikin kwalin. Zanen jikinsa siriri ne ƙwarai.

Malam Mai Fenti: Injiniya, da girmanka, ban yarda ba. Mutumin da bai taɓa haɗa jirgi ba za ka miƙa wa Arma a 1/72? Akwai ɓangarorin da in suka kuɓuce daga hantsaki suka faɗa kan darduma, sai dai a yi musu addu'a. Baban Ummi, ka sayi Airfix na 1/48, sabon zubin da suka fitar a 2015. Akwai kwalin da aka rubuta Mk.I Tropical, shi ne naka. Ɓangarorin manya ne, yatsa na iya riƙe su, takardar bayaninsu ma a fili take.

Injiniya: Ba zan yi musu ba, idona ne har yanzu bai fara neman tabarau ba. Amma in Airfix za ka saya, ka kula da abu ɗaya: ƙaramin Hurricane ɗinsu na 1/72, wanda ya fi arha kuma ya fi yawa a kasuwa, mai fukafukan yadi ne, irin na farko-farko. Ba shi da matatar iskar hamada. Kada arha ta ja ka.

Baban Ummi: Wace ce matatar hamada kuma?

Injiniya: Ka dubi hoton Hurricane na Masar ko Libiya, za ka ga wani ƙullutu a ƙarƙashin hanci kamar haɓa. Ita ce matatar Vokes. Injin Merlin na Rolls-Royce ba ya jure yashi, in ya shaƙa sai ya cinye cikinsa cikin ɗan lokaci. Matatar tana rage wa jirgin gudu kaɗan, amma ba yadda suka iya. In babu ita a kwalinka, to jirgin Ingila ka haɗa, ba na Afirka ba.

Kawu na Zango: Salamu alaikum daga Takoradi ta ƙasar Gana. Wannan magana ta shigo gidanmu. A nan tashar jirgin ruwanmu ake sauke su cikin manyan akwatuna, a haɗa su, a gwada, sannan su tashi. An fara ne a watan Satumba 1940, bayan Italiya ta shiga yaƙin, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari. Daga nan sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, su ratsa Fort Lamy wadda yanzu ake ce wa Injamena, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir, su kai Hartum, sannan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, ana yin ta cikin kusan mako guda. Jirgin Blenheim mai inji biyu ke shiga gaba domin shi ke da mai duba taswira, 'yan Hurricane na biye da shi a jere. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan, har da Tomahawk da Kittyhawk na Amurka.

Kuma da gwamnan Cadi, Félix Éboué, bai koma ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ba a Agusta 1940, da hanyar ba ta buɗe ba, tunda sai an ratsa ƙasarsa. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne daga Kano zuwa Fashir kusan turbar da kakanninmu alhazai suka bi da ƙafa ce. Su shekaru, waɗannan kwanaki.

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma, Kawu. Wallahi ban san har Maiduguri suke sauka ba.

Injiniya: In ƙara kan na Kawu: wanda ya jagoranci jiragen da suka fara sauka a Kano a Nuwamba 1925, Arthur Coningham, shi ne daga baya ya zama shugaban rundunar saman hamada da waɗannan Hurricane ɗin ke zuwa yi wa aiki. Wato ya san hanyar tun kafin a buƙace ta.

Malam Mai Fenti: To mu dawo kan tebur, kada tarihi ya cinye mu. Baban Ummi, a na Airfix ɗin nan an yi mazaunin matuƙi da siraran sanduna, kamar yadda na gasken yake da ƙashin bututun ƙarfe. Sandunan launin azurfa ne, bangon gefe kuma kore mai toka-toka, fentin kamfanin Humbrol lamba 78. Amma ji nan da kyau: duk inda roba za ta haɗu da roba, kada fenti ya taɓa wurin, in ya taɓa ka kankare da reza. Ma'aunin kwalin a matse yake. Kaurin fenti ɗaya a kan sandunan ya isa ya hana fiffike zama daidai da gangar jiki, sai ka wayi gari da gibi kana ta cusa masa abin cike rami. Kowane ɓangare ka gwada shi a bushe tukuna, in ya zauna sannan ka kawo gam.

Gam kuwa Tamiya Extra Thin, mai koren murfi. Ba shafawa ake yi a manna ba. Haɗa ɓangarorin za ka yi, ka taɓa bakin layin da ɗan buroshinsa, shi zai bi layin da kansa ya narkar da robar ta haɗe. Ka bar shi ya kwana kafin ka sa samfefa, ka fara da 600 ka ƙare da 1000, da ɗan ruwa.

Hajiyar Maraɗi: Sannunku da aiki. Malam ya manta gilashin kan matuƙi. Ƙanena, kada sufa gulu ya kusanci gilashin nan. Tururinsa na barin farin hazo a ciki, kuma ba ya gogewa. Farin gam na kafintoci za ka ɗiga da tsinken sakace, in ya bushe ba a ganinsa. Gilashin Hurricane na da sanduna da yawa, saboda haka ka yanka tef na Tamiya ƙanana-ƙanana ka rufe kowane ido. Sai ka fara shafa koren ciki a kan sandunan, sannan launin waje a kai, don in an leƙa ta ciki a ga kore.

Autan Zaure: Ni dai tambaya gare ni, Hajiya. Fentin mota na gwangwanin feshi da ake sayarwa a kasuwa ba zai yi ba? Su irin na Humbrol kafin su iso an sha wahala.

Malam Mai Fenti: Auta, tinar masu fentin mota na cin robar nan, sai ka ga jikin ya yi yaushi ya tattare. In dole sai ka yi, to a matsayin shimfiɗar farko kawai, daga nesa, ƙura-ƙura, kuma ka fara gwadawa a kan ragowar sandar robar da ka ciro ɓangarori. Ni dai ban ba da shawara ba. Dalilin wahalar isowar kuwa, fentin mai da gwangwanin feshi kaya ne masu kama wuta, masu jigila ta sama ba sa son ɗauka. Shi ya sa na fi tura mutane ga fentin ruwa irin Vallejo Model Color. Yana tafiya da buroshi lafiya, da ruwa ake sirka shi, ba shi da warin da zai sa uwargida ta kore ka tsakar gida.

Injiniya: Launuka kuma, na hamada uku ne: Dark Earth da Middle Stone a sama, Azure Blue a ƙarƙashi. A Humbrol su ne 29 da 225 da 157. Ko wane kamfani ka saya, waɗannan sunayen za ka nema. A idona 157 ya ɗan yi duhu, ina ɗiga masa fari. Sai dai ka lura, na farkon da suka ratsa Kano da launin Ingila suka zo, wato Dark Green da Dark Earth. Kayan hamada daga baya suka zama ruwan dare. Saboda haka ka fara tsayar da shekarar da kake nufi.

Kawu na Zango: Akwai abin da zai bambanta naka da na kowa. A wasu tsofaffin hotunan hanyar za ka ga an shafa farin fenti a gadon bayan jirgin da saman wutsiya. Na wucin gadi ne, don in jirgi ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama. Da yawa kuma suna ɗauke da tankunan ƙarin mai a ƙarƙashin fukafukai. In ka yi kore da ruwan ƙasa, ka ɗora farin nan a kai ba tare da ka gyara bakinsa sosai ba, duk wanda ya sani yana gani zai ce wannan ɗan Takoradi ne.

Baban Ummi: Shi ke nan, Kawu ya gama da ni. Mk.I, kore da ruwan ƙasa, da farin baya. To yaya zan yi buroshi bai bar sawu ba?

Hajiyar Maraɗi: Ka fara wanke robar da sabulun wanke-wanke, maiƙon hannu na hana fenti kamawa. Buroshi mai faɗi kuma mai laushi, ba mai tsini ba. Ka sirka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara. Shafin farko zai yi muni, za ka ga roba ta cikinsa, kada ka damu kuma kada ka koma kan inda ka wuce. Bari ya bushe, ka sake, na uku zai rufe. Ka fara da mai haske: ƙarƙashin jirgi, sai ruwan ƙasa a saman duka, sai ka zana iyakar koren da fensir ka cike.

Yanayinmu ma sai an yi dabara da shi. Da bazara fentin ruwa na bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi. Ka sami roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin kek a kai, a nan za ka zuba fentin, zai daɗe bai bushe ba. Ka yi aikin da sassafe ko bayan isha'i. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, kana gama shafi ka kife masa babbar roba. Kuma kada ka bar kwalin cikin mota a rana, fukafukan za su karkace.

Malam Mai Fenti: Saura inda na fi ganin ana ɓata Hurricane, wato wajen tsufar da shi. Mutum ya ga an yi wa jirgin Spitfire mai fatar ƙarfe ɗigo-ɗigon azurfa na ƙwarzanewar fenti, sai ya bi Hurricane tun daga hanci har wutsiya da shi. Alhali Sydney Camm, wanda ya tsara Hurricane, bai yi jirgin nan da fatar ƙarfe duka ba. Daga bayan matuƙi zuwa wutsiya yadi ne aka ɗaura kan ƙashin ƙarfe da katako, shi ya sa kake ganin layuka a miƙe suna bin tsawon jikinsa. Yadi ba ya ƙwarzanewa irin na ƙarfe, kodewa yake yi. Azurfa sai a murfin inji, da gindin fiffike na hagu inda matuƙi ke takawa, da murafen bindigogi, da gaban fiffike. Fensirin azurfa mai tsini ya ishe ka.

Kuma tunda naka sabon fitowa ne daga akwati, kwanansa nawa a sama? Kada ka mai da shi kamar ya shekara a fagen yaƙin Tubruk ta Libiya. Ɗan baƙin hayaƙi daga salansa ya bi gefen jiki, jar ƙasa a tayoyi da ƙafafu, ya wadatar. Ka kankare allin zane mai launi ya zama gari ka shafa da busasshen buroshi. Haka nan wajen samfefa, ka yi hankali da gadon baya, in ka shafe layukan yadin ba sa dawowa.

Autan Zaure: Sitikun fa? Na wani da na gani gefensu na ƙyalli fari-fari.

Injiniya: Iska ce ta maƙale a ƙarƙashi, saboda an manna su kan fenti mara sheƙi. Sai an shafa kiliya mai sheƙi tukuna, a jiƙa sitika a ruwa mai ɗumi, a zame ta kan wurin, a danna da audugar kunne. Akwai ruwan kwantar da sitika iri biyu: Micro Set kafin mannawa, Micro Sol bayan nan. In ta tattare bayan Micro Sol kada a taɓa, da kanta za ta miƙe ta kwanta cikin layuka. Daga ƙarshe a bi da kiliya mara sheƙi. Baban Ummi, haruffan runduna da ke cikin kwalin ka ajiye su, jirgin da ke kan hanya bai kai ga rundunarsa ba tukuna. Tambarin da'ira, da tutar wutsiya, da lambar jiki kawai za ka sa. Farfela baƙa, bakinta rawaya.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan yi odar na Airfix da fentin ruwa. Tankunan ƙarin man fa, suna cikin kwalin?

Malam Mai Fenti: Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton sandunan robar kafin ka biya, ka duba da idonka. In babu, ka yi magana a nan. Ina da ragowar wasu daga wani kwalin Mk.II, in mai zuwa Kano ya samu zan ba shi ya kawo maka.