Neman kalma: tsohon gini a bakin tasha da aka ba sabon amfani

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Ana neman Hausar kalmar nan ta masu zanen gini, "adaptive reuse". Gini ne da aka yi don wani abu, ma'ajiyar kaya ko masana'anta ko tashar jirgin ƙasa, abin ya daina ci, maimakon a rushe sai a mayar da shi wani abu dabam, bangonsa da ginshiƙansa suna nan. Ta fi fitowa a rubutun da ya shafi cika kewayen tasha da gidaje da shaguna da ofisoshi, don mutane su riƙa zuwa tasha da ƙafa. Wasu na rubuta "sake amfani", wasu "kwaskwarima", wasu "gyaran fuska". Wacce ta fi dacewa?

Mai Zanen Gini:
Wa alaikumus salam Malam. Ko ɗaya ba ta yi ba. "Sake amfani" ta yi faɗi. Wanda ya rushe gini ya kwashe tubalin ya yi katanga da shi, ai shi ma ya sake amfani, kuma ginin ya tafi.

A fara raba ayyukan tukuna. Ƙa'idojin da Amurka ke bi kan gine-ginen tarihi sun kasa su huɗu. Akwai adanawa, a tsare gini yadda aka same shi, a hana shi lalacewa. Akwai maidowa, a cire abin da aka ƙara daga baya, a dawo da kamannin wani zamani. Akwai sake ginawa, idan ginin ya riga ya tafi. Na huɗun shi ne gyaran da ke bari a canza ciki don ginin ya ci gaba da amfani, kuma a nan kalmarmu take zaune. Tashar Orsay a Faris ita ce misalin da kowa ke kawowa: an buɗe ta a 1900, zuwa 1939 dandamalinta ya yi wa dogayen jirage kaɗan, a 1986 ta zama gidan adana kayan zane. Babban rufin da agogon suna nan, jiragen ne suka bar zauren.

"Gyaran fuska" kuwa a ajiye ta, akwai inda za ta yi rana. Akwai masu barin bangon gaba kaɗai, su tokare shi da ƙarafa, su rushe duk abin da ke baya su kafa sabon bene. Wannan shi ya cancanci sunan, ko a ce "barin fuska".

Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma "kwaskwarima" ma rainin aiki ce. Fenti da sauya tayil ake kira haka. Wannan aikin da lissafin nauyi yake farawa. Daɓen bene na gidan zama ana lissafa masa kilo 200 ne a kowace murabba'in mita, wurin taruwar jama'a ko shaguna kuwa 400 zuwa 500, ma'ajiyar kaya ta wuce haka. Shi ya sa mayar da sito gidan zama ko makaranta yake da sauƙi, ginin ya saba ɗaukar abin da ya fi hakan. Mayar da gidan zama kasuwa shi ne wahala, sai an ƙara ginshiƙai ko an goya wa katakon bene ƙarfe. Dubi tsohon rumbun hatsin King's Cross a Landan, na shekarun 1850, wanda makarantar zane ta shiga a 2011. Ƙarfin da aka yi masa don buhuna shi ya sauƙaƙa aikin.

Inda aka fi yin ɓarna wurin kwaɓi ne. Tsohon bulo da farar ƙasa da yashi aka ɗaura shi, kusan awo ɗaya da uku. Kwaɓi ne mai laushi, danshi yana fita ta cikinsa. Idan magini ya cike gaɓoɓin da siminti, danshin ba shi da mafita sai ta jikin bulon, gishiri ya taru, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Bayan 'yan shekaru sai a tarar simintin yana nan daram, bulon ya zaizaye. Kafin a taɓa komai kuma sai an gwada fentin ko akwai dalma a ciki, an duba rufi da naɗin bututu ko akwai asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa kayan gini don hana gobara, don ƙurarsa tana kisa. Sai matakala. Ƙofar da ta ɗaga santimita 60 daga titi tana buƙatar gangaren mita 7.2 saboda masu keken guragu, a kan ƙa'idar ɗaya cikin goma sha biyu, kuma a bakin tasha ba kullum ake samun wannan filin ba. Duk wannan ba kwaskwarima ba ce.

Malamin Nahawu:
To, an gane abin. Kalmar tana ɗauke da abu biyu: ginin ya tsira, amfaninsa ya canza. Abin da zai fara zuwa baki shi ne "sauyin aikin gini", amma kunnen Bahaushe zai haɗa "aikin gini" wuri guda, ya ɗauka an canza wa magina aiki. "Sauya wa gini amfani" ta fi tsabta, sai dai ba ta ce an ceci komai ba. Ni ina ganin "rayawa". Ana raya matacciyar ƙasa, ana raya zumunci, abu ne da ya yi sanyi aka dawo masa da rai. "Raya tsohon gini."

Mai Tsara Birane:
Allah ya gafarta Malam, "rayawa" ita kaɗai tana da haɗari a wurinmu. Da sunan raya birane aka rushe unguwanni da yawa a duniya, kuma mai niyyar rusau zai so kalmar. "Sauyin amfani" kuma sunan izini ne a ofishin tsara gari, ana iya ba ginin da aka gama bara. A bar ta a can.

Dalilin da ya sa kalmar ke manne da tasha shi ne wannan. Ana zana da'ira ta mita 800 daga ƙofar tasha, tafiyar minti goma, fili ne kusan hekta 200. A cikinta ake ƙara yawan benen da aka yarda a yi, a rage wurin ajiye motoci. Da zarar an yi haka farashin ƙasa ya tashi, tsohon gini mai hawa biyu ya zama asara a idon mai shi, tunda filin zai ɗauki goma sha biyar. Kuma tsoffin sito da masana'antu a nan suka fi yawa, don kusa da layin dogo aka gina su tun farko. Lissafin darajar fili ne ya ci tashar Penn ta New York, aka fara rushe ta a 1963. Birnin ya yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, a 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ita kan tashar Grand Central, aka hana ɗora mata dogon bene. Hanyar da ke rage wa mai gini zafi ita ce a bar shi ya sayar wa filin maƙwabta haƙƙin benen da bai yi ba. Idan babu irin wannan, kariya a takarda take tsayawa, mai gini ya ƙyale rufi ya yi ta yoyo har ginin ya faɗi da kansa.

Shi tsarin gaba ɗaya ina ba da shawarar "raya unguwar tasha". Ba shi ake tambaya ba, amma za a buƙace shi a jimla ɗaya da ɗayan.

Injiniya:
A ƙara da cewa jirgin da ake so a kusanta shi ma yana cutar da ginin, musamman lokacin haƙa masa hanya a ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar Jamus, DIN 4150, ta sa iyakar girgiza a tushen gini mai rauni milimita 3 a daƙiƙa idan girgizar mai jinkiri ce, gidan zama 5, ginin masana'anta 20. Don haka kafin a sa injin haƙa, ana ɗaukar hoton kowace tsaga, a manna mata ma'auni, a kafa alamun auna nutsewa a kusurwoyi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi girgiza haɗari. Idan ana zuƙe shi daga rami, yashi yana iya bin sa, ƙasa ta zame daga ƙarƙashin tushe. A ranar 3 ga Maris 2009 ginin ma'ajiyar takardun tarihi na birnin Kolon na Jamus ya rufta cikin ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake haƙawa a gabansa, mutum biyu suka rasu.

Malamin Nahawu:
Ƙorafin mai tsara birane ya karɓu. A ɗaure "rayawa" da abin da zai hana ta zamewa: "rayawa da sabon amfani". A jimla: an raya tsohon siton da sabon amfani. Dole a ambaci ginin, kuma ba a cewa an raya abin da aka rushe. Ta ɗan yi tsawo, amma bayan ambaton farko marubuci zai iya cewa "rayawar" kawai.

Mai Fassara:
Madalla. Tashar Tokyo fa, wadda aka gama gyarawa a 2012, rayawa ce?

Mai Zanen Gini:
A'a Malam, wannan maidowa ce. Ginin jan bulo na 1914 ne, yaƙi ya ƙone samansa a 1945, aka yi masa rufin wucin gadi da hawa biyu. A 2012 aka dawo da hawa na uku da ƙubbobin biyu, aka ɗora ginin kan wasu na'urori masu kama da matashin kai da ke shanye girgizar ƙasa. Tasha ce da, tasha ce yanzu.

Gini ɗaya yana iya ɗaukar kalmomi biyu, sai a kula. A tashar St Pancras ta Landan, babban rufin 1868 maidowa aka yi masa kafin buɗewar 2007, amma ƙarƙashin dandamalin, inda ake jibge gangunan giya a da, an huda daɓen haske ya sauka, ya zama shaguna da wurin tantance fasinjoji. Wannan sashen rayawa ce da sabon amfani. Haka tashar Union ta birnin Denver na Amurka a 2014: zauren jira yana nan a matsayinsa, ofisoshin sama ne suka koma otal mai ɗaki 112. Idan za ka rubuta, ka ambaci sashen da kake nufi.