statfs na ba ni EOVERFLOW a ARM mai bit 32, me zan yi?

Sabon_Shiga: Salam 'yan uwa. Na rubuta ƙaramar manhaja da C mai kiran statfs don sanin sararin da ya rage a faifai. A kwamfuta mai bit 64 lafiya lau. Da na ɗora ta kan allon ARM (ƙaramar kwamfuta) mai bit 32, na haɗa ma'ajiyar Samba (faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa) mai terabait 20, sai EOVERFLOW, wato kuskuren da ke cewa lamba ta fi ƙarfin gurbinta. In sake harhaɗa ta da tutar _FILE_OFFSET_BITS=64, ko in sauya tsarin gaba ɗaya? Akwai wasu manhajoji a kan allon da ba na son taɓawa.

Gwanin_Waya: Sayi sabon allo ka huta.

Tsohon_Hannu: Ƙanena, sa wannan tutar, glibc, laburaren C, za ta koma statfs64 mai gurbin bit 64. A bit 32 gurbin f_blocks, mai ƙirga bulolin faifai, ƙarami ne, iyakarsa terabait 16.

Uwar_Saba: Malam, ni a terabait 4 tawa ta tsaya.

Tsohon_Hannu: Hajiya, to bulo ɗinki bait 1024 ne, nawa 4096.

Mai_Gadin_Faifai: Ku kuna ta bit, ni f_bfree, mai ƙirga bulolin da babu komai a ciki, ce ta kusa raba ni da aiki. Da ita na yi lissafi, ashe tsarin faifai na ext4 na keɓe wa root, babban mai iko a kwamfuta, kashi 5 cikin ɗari, f_bavail ce ke nuna rabon sauran masu amfani. Manhajata ta ce akwai wuri, ajiyar dare ta tsaya a rabi. Da safe maigida ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ina kallon df, mai auna cikar faifai, na nuna 100%. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, har yau abin na ci min rai.

Gwanin_Waya: Har faifai ma na ware wa manya kasonsu? 😂

Uwar_Saba: Allah ya kiyaye gaba. Amma wanda bai taɓa harhaɗa komai a ARM ba ya daina cewa a sayi allo.

Gwanin_Waya: Hajiya, sai mai furfura ne zai yi magana?

Sabon_Shiga: Don Allah, tutar za ta shafi sauran manhajojin?

Mai_Gadin_Faifai: Wani abin haushin, na goge fayil ɗin log mai gigabait 40, du mai auna girman fayiloli ta ce ya tafi, df ta ce yana nan. Wai sai manhajar da ta buɗe shi ta rufe shi. Wa ya taɓa cin karo da wannan?