Neman Shawara: Gurbin Makaranta Da Motar Ɗalibai Ga 'Yar Riƙonmu A Ingila

Maman Yara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigidana muna zaune a wani gari a arewacin Ingila, kuma bayan doguwar tantancewa hukuma ta amince ta ba mu riƙon wata yarinya Musulma 'yar shekara 7, wadda za ta tare a gidanmu nan da mako uku. Tana aji 2 na firamare, kuma makarantar da take zuwa ta yi nisa ƙwarai, dole sai an sauya mata. Makarantar da ta fi kusa da mu ba ta kai mil ɗaya ba, amma da na buga waya sai aka ce ajin ya cika. Akwai wata mai nisan mil 2 da rabi wadda hankalina ya fi kwanciya da ita, domin malamanta sun saba da yaran da suka sha wahala tun suna ƙanana. Damuwata ita ce ban iya tuƙi ba, maigida kuma da asuba yake fita da motar. Shin kasancewarta 'yar riƙo zai sa a ba ta motar makaranta kyauta? Yarinyar nan ta sha sauyin gidaje, ba na so in sa ta inda zan sake cire ta.

Malamin Firamare:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ku ladan wannan aiki. Abu biyu ne a tambayarki, kuma dokokinsu ba ɗaya ba ne. A wajen gurbi yarinyarki tana gaban kowa, domin ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta Ingila ta 2021 ta wajabta wa makarantun gwamnati su fifita yaran da ke hannun hukuma da waɗanda suka fita daga hannunta ta hanyar riƙon dindindin. Abin da aka faɗa miki a waya bai rufe ƙofa ba. Gaskiya ne doka ta hana ajin ƙananan yara, har zuwa aji 2, ya wuce ɗalibai 30 ga malami ɗaya, amma ta keɓe wasu yara da za a iya ƙarawa a tsakiyar shekara, kuma irin 'yarki tana cikinsu. Ki cike takardar neman gurbi a rubuce, domin wajibi ne su ba ki amsa cikin kwana 15 na karatu, idan kuma suka ƙi kina da damar ɗaukaka ƙara.

Mota kuwa ba ta bin wannan fifiko. Abin da ake dubawa shi ne ko yaro yana zuwa makaranta mafi kusa da ta dace da shi, sannan ko nisanta ya wuce mil 2 idan bai kai shekara 8 ba, ko mil 3 idan ya kai. Ana auna nisan ne ta hanyar ƙafa mafi gajarta wadda ba ta da haɗari, ba ta hanyar da mota ke bi ba. A nan ne nake ji miki tsoro: idan kika zaɓi ta nesa da kanki, za su iya cewa da kin nema da an ba ta gurbi a ta kusa, saboda haka kai ta da ɗauko ta yana wuyanki.

Uwar Marayu:

'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa shi ne ya same ni. Na zaɓi makarantar da nake so ban ko rubuta ta kusa da mu ba, da na nemi mota aka ce ba mu cancanta ba, na shekara biyu ina biyan kuɗin bas na mutum biyu safe da yamma. Ki kuma lura cewa ko an ba ki motar yanzu, yarinya tana cika shekara 8 ma'aunin zai koma mil 3, ku kuwa mil 2 da rabi ne. Wasu ƙananan hukumomi suna bari har shekarar karatu ta ƙare, wasu ba sa bari, sai ki karanta tsarin taku. Mil 2 yana ci gaba da aiki har shekara 11 ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi da suka cancanci abincin makaranta kyauta, amma abincin da ake ba duk 'yan aji 2 ba ya cikin wannan lissafi. Kada kuma ki sa rai lalle mota ce za ta tsaya a ƙofar gida, domin wani lokaci katin hawa bas suke bayarwa, ko kuɗin mai ga wanda zai kai yaron.

Anti Ma'aikaciyar Jin Daɗin Jama'a:

Ƙanwata, akwai abin da ya fi duk wannan amfani gare ki a yanzu. Ba za ku iya neman hukuncin kotu na riƙon dindindin ba sai yarinya ta yi mako 10 a gidanku, kuma har ranar da alƙali zai sa hannu tana nan a matsayin 'yar hukumar da ta ba ku ita. Ke nan zaɓen makaranta ba naki ba ne ke kaɗai, da hannun ma'aikaciyar da ke kula da ita, da kuma jami'in da doka ta sa kowace ƙaramar hukuma ta naɗa domin bin kadin karatun yaran da ke hannunta. Hukumar tana da ikon umartar makarantar da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma ta karɓi yarinya ko da ta cika, idan kuma akadami ce, wato makarantar gwamnati da ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, sai ta kai maganar ga Ministan Ilimi. Idan su da kansu suka yarda cewa ta nesa ce ta dace da halin da yarinyar ke ciki, ki roƙe su su rubuta dalilin, a kuma sa kuɗin sufuri cikin tsarin tallafin riƙo tun kafin ta tare. Na ga iyalai da yawa da aka yi wa alkawari da baki, bayan hukuncin kotu suka rasa wanda za su kama.

Sai batun suna. Kafin hukuncin, ba a sauya mata sunan mahaifi a rajistar makaranta sai da izinin kotu ko na iyayenta, kuma ki shaida wa shugabar makaranta a asirce cewa kada a sa hotonta a intanet.

Maman Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da ma'aikaciyar tata yau da safe, ta ce za mu zauna ranar Alhamis tare da jami'in karatun, kuma kafin nan zan je in ga makarantar kusa da idona, domin ban taɓa shiga cikinta ba. Anti, idan suka ƙi rubuta maganar sufurin a zaman, shin zan iya neman a dakatar da zaɓen makarantar har sai an warware, ko hakan zai jinkirta tarewar yarinyar?