Click: danna ne, latsa ne, ko kuwa ƙas?

Jama'a ku zo mu kashe wannan maganar, jiya muna gyara wata 'yar sanarwa ta makarantar islamiyyar unguwarmu da za a tura a WhatsApp sai gardama ta ɓarke kan click here, ni na rubuta danna nan, ƙanina ya ce a'a latsa nan ake cewa, wai ai haka yake gani a BBC Hausa.

Sai na ce to mu fara duba kalmar kanta. Click fa asalinta ba sunan aiki ba ne, kwaikwayon ƙara ne, irin ɗan siririn ƙaran nan mai kaifi da kake ji in kwaɗo ya kulle ko ka danna bayan biro. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 16 take cikin Turanci, 'yan Holand ma suna da klikken. Kenan ta girmi kwamfuta da shekaru ɗaruruwa. Sai da wani injiniya Ba'amurke, Douglas Engelbart, ya nuna maus, ɗan abin nan da ake jan kibiyar kwamfuta da shi, a bainar jama'a a San Francisco a 1968, daga baya kowa ya samu a teburinsa, shi ne ƙaran maɓallin ya zama sunan aikin gaba ɗaya.

Mu kuwa irin wannan ƙaran ba mu rasa shi ba wlh, ƙas, ƙwas, ƙyas ɗin ashana, duk muna da su. Matsalar ita ce ba wanda zai ce maka "yi ƙas a nan" ka gane, sai dai ka yi dariya. Bature kunne ya bi, Bahaushe yatsa ya bi.

To tsakanin danna da latsa fa? Ni a kunnena latsa na abu mai taushi ne, yadda mata ke latsa tumatir ko mangwaro a kasuwa mai kaya na harararsu. Danna kuma akwai ɗan ƙarfi, abu ya nutsa ya dawo, kamar maɓallin rimot. Don haka maus da kibod danna ya fi zama. Amma fuskar waya babu abin da ke nutsawa, kuma mutane sun riga sun saba da latse-latsen waya, wannan kam na sallama wa ƙanina, ban so ba amma na sallama.

Double click danna sau biyu, right click danna ɓangaren dama, ba wahala. Inda na maƙale shi ne suna, in ana ƙirga clicks nawa talla ta samu. Wani ya ce danniya, na ce Allah ya kiyaye, wannan ai zalunci ne! Dannawa dai, "an samu dannawa dubu". Clickbait kuma, wato kanun labarin da ake shirya shi don kawai a ja ka ka danna, ni kanun tarko nake ce masa.

Af, masana harshe ma click suke kiran sautukan nan na harsunan Xhosa da Zulu na Afirka ta Kudu, wanda suke rubutawa da c ɗan'uwan tsakinmu ne, su harafi ne cikin kalma, mu kuwa ka yi shi gaban Baba ka ga yadda za ta kaya.

Sanarwar dai a waya za a buɗe ta, latsa nan muka sa. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fama da cliquez na Faransanci, wanne kuke cewa a can?