Windows 7 ta ƙi hawa sabuwar kwamfuta, ina neman agaji

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Ina da ɗan shagon buga takardu da katin biki kusa da kasuwar Dole a nan Damagaram. Tsohuwar kwamfutata ta mutu da zafin bana, na sayi sabuwa mai Windows 11. Matsalar ita ce firintata babba, wadda nake cin abinci da ita, direbanta (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita) a Windows 7 kaɗai yake aiki.

Na zuba Windows 7 a filashin USB da manhajar Rufus, na shiga BIOS (saitin da kwamfuta ke tashi da shi) na kashe Secure Boot (tsaron da ke hana ta tashi da manhajar da ba ta amince da ita ba). Tana tashi lafiya lau har wurin zaɓen harshe, daga nan sai ta ce wai babu direban CD/DVD, alhali kwamfutar ko ramin faifai ba ta da shi! Linzamin USB ma ya daina motsi. Na sauya rami, na sake zubawa da tsarin rabon faifai na GPT, na gwada na MBR, duk kanwar ja ce.

Wani ƙanena ya ce Windows 7 ta 2009 ba ta san USB 3.0 da faifan ajiya na zamani na NVMe ba, sai an cusa direbobinsu cikin fayil ɗin Windows 7 kafin a zuba. To yaya ake cusawar? Kuma ban ga CSM (saitin da ke ba tsofaffin Windows damar tashi) a BIOS ɗin ba ko kaɗan, hakan na nufin babu hanya ke nan?

Na san Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ba intanet zan shiga da ita ba. Katunan biki uku na jirana kafin Juma'a. Allah Ya saka da alheri.