Me ya sa sai an bi ta Abuja kafin a isa Maiduguri daga Sakkwato?

Tambaya: Jama'a, ina neman haske. Duk lokacin da zan tafi Maiduguri daga Sakkwato ta jirgin sama, sai na sauka Abuja na sake hawa wani. Shin laifin kamfanoni ne, ko manufofin gwamnati ne suka jawo hakan?

Amsa ta farko: Malam, tushen abin manufa ne. Bayan rushewar Nigeria Airways, kamfanin jiragen sama na gwamnatin tarayya, a 2003, galibin harkar ya koma hannun 'yan kasuwa, su kuwa ba sa ajiye jirgi sai inda kujeru za su cika, wato Legas, Abuja da Fatakwal. Mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991 ma ya janye fasinjoji da yawa zuwa can.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, a ƙara da sharaɗin ƙarin jari da gwamnati ta gindaya wa kamfanonin jiragen sama a 2007, wanda ya fitar da ƙananan kamfanoni da dama daga kasuwa.

Amsa ta uku: Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen samanta mara a 1978, amma ta ware tallafi domin ƙananan garuruwa kada su rasa jirgi. Abin da nake ganin muna bukata ke nan, musamman yanzu da tafiyar mota take cike da haɗari.