Me za mu kira wannan tukunyar da ake cirewa daga salansa?

Fita (makanike) a Suame: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kawo mana Toyota Celica ta 1997 mai ƙofa biyu, mai ita yana so a cire mata tukunyar nan da ke tsakanin inji da salansar baya, wai motar ta ƙara ƙara da gudu. Mu a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ƙasar Ghana, katalis muke ce mata, wato catalytic converter. Yaran da nake koya wa aiki sun tambaye ni sunanta da Hausa, na rasa. Wa ke da suna mai kyau?

Mai kayan gyara, Abossey Okai: Wa'alaikumus salam Masta. Matatar hayaƙi mana. An gama.

Malamin makaranta, Aboabo: Alhaji, da sauƙi haka? Matata tana tsare datti ne ta bar mai kyau ya wuce, in ta cika a wanke ko a sake. Wannan ba ta tsare komai. A cikinta akwai wani farin yumɓu mai ƙananan ramuka dubbai, an shafe shi da filatinam da faladiyam da rodiyam. In ta yi zafi sosai, hayaƙi yana bi ta ramukan sai gubarsa ta canja: kabon monoksaid, iskar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki, ta koma wadda ba ta kisa nan take, man da bai ƙone ba kuma ya ƙarasa ƙonewa. Kuma motocin dizal na zamani suna da abin da ke tsare baƙin hayaƙi da gaske. In mun ba wannan sunan matata, me za mu kira waccan?

Direban tirela daga Kano: Mu can gida Indomie ake ce mata, saboda kamannin cikin. Kowane makanike ya gane.

Fita a Suame: Ɗan'uwa, in na aiki yaro ya kawo Indomie a nan, wallahi da kwano zai dawo.

Malamin makaranta, Aboabo: Ni dai shawarata makarin hayaƙi. Makari a wurinmu shi ne abin da ke karya guba ko dafi, kuma aikin tukunyar ke nan. Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba ma, da ya ji sunan ya san amfaninta. Dalilin ƙera ta ma ke nan: Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970, daga motocin 1975 aka fara sa ta a yawancin motocinsu, Turai ta biyo baya a farkon shekarun 1990.

Wani tsohon fita, Asawase: Malam, sunan ya yi min daɗi, amma bari in faɗi abin da ya sa muka saba fasa ta. A da fetur ɗinmu yana da dalma, ita kuwa dalma tana lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su. Mota ta zo daga tashar jiragen ruwa ta Tema lafiya, bayan ɗan lokaci tukunyar ta mutu ko ta toshe, inji ya riƙa shaƙewa a hawa. Sai mu sa ƙarfe mu farfasa cikin, mota ta sami numfashi. Daga nan mutane suka ɗauka cirewa ke ƙara ƙarfi. An daɗe da daina sa dalma a fetur, amma al'adar ta zauna. In tukunyar lafiya take, abin da za ka samu kaɗan ne, sai ƙara da warin mai.

Mai kayan gyara, Abossey Okai: Baba, ka manta da kuɗi. Ƙarafan nan suna da tsada, shi ya sa ake sayen tsohuwa, shi ya sa ma wasu ke zuga mai mota ya cire. To na yarda da makari. Amma cirewar fa? Iri biyu ce.

Wani tsohon fita, Asawase: Haka ne. In an bar tukunyar aka kwashe cikinta, ƙwaƙule makari ke nan. In an yanke ta gaba ɗaya aka yi waldar miƙaƙƙen bututu, a ce yanke makari.

Fita a Suame: Wannan ya zauna a baki. Celica ɗin nan kuwa ta Amurka ce, kuma daga 1996 motocinsu suna da sensa ta biyu a bayan makarin, tana duba ko yana aiki. Da an yanke, fitilar gargaɗin inji za ta kama a dashbod, kwamfuta ta nuna P0420, lambar da ke cewa makarin ba ya aiki daidai. Zan gaya wa mai ita haka, mu fara gwada ko makarin ya toshe kafin kowa ya ɗauko wutar walda.

Direban tirela daga Kano: Ku ce makari, ba laifi. Ni in na koma gida Indomie zan ce, in ba haka ba wurin mai magani za a tura ni.